18,446,744,073,709,551,615: Me Ke Cikin Lambar Alkamar Shaɗaranji?

Duk wanda ya taɓa jin labarin mai hikimar nan da ya roƙi sarki ƙwayar alkama a kan allon shaɗaranji, wasan nan mai kama da dara da allonsa ke da gidaje 64, ya ci karo da wannan lamba, ko da ba a karanta masa ita ba: 18,446,744,073,709,551,615. Alƙaluma 20 ke gare ta, wato ta haura biliyan 18 na biliyoyi. Galibi a nan masu ba da labarin suke tsayawa, a yi salati a ce lallai ninki abin tsoro ne, a wuce. Ni kuwa a ganina girman shi ne mafi ƙarancin abin mamaki a tattare da ita. Lambobin da suka fi ta girma ba su da iyaka. Abin da ya sa ta fita daban yana cikin ƙirarta, kuma sai an farfasa ta ake ganinsa.

Labarin kansa tsoho ne. Al-Biruni ya lissafa wannan adadi tun wajen shekara ta 1000, sannan Ibn Khallikan, alƙalin nan masanin tarihi da ya rasu a Dimashƙa a 1282, ya kawo ƙissar a littafinsa Wafayatul A'ayan. Ya ce wani Ba'indiye mai suna Sissa ya ƙago wasan, sarki ya ji daɗi ya ce ya roƙi abin da yake so. Sai ya ce a sa masa ƙwaya ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gida na 64. Ibn Khallikan bai ɓoye cewa shi ma da farko ya yi shakkar yawan da ake faɗa ba, sai da wani ma'aikacin lissafi na Iskandariyya ya zaunar da shi ya nuna masa. Dabarar mutumin nan ta burge ni ƙwarai. Da ya kai gida na 16, inda ƙwaya ta kai 32,768, sai ya daina ƙirga ƙwaya, ya ce a ɗauka wannan awo ɗaya ne. Ya ci gaba da ninka awo. A gida na 40 ya ce a ɗauka an cika rumbu guda. A gida na 50 rumbuna sun kai 1,024, ya ce wannan birni ne. Gida na 64 kuwa ya ba da birane 16,384 cike da rumbunan alkama. Da ma'aunin yau, in muka ɗauka kowace ƙwaya 20 sun yi giram ɗaya, jimillar ta haura tan biliyan 900, alhali abin da duniya ke nomawa na alkama a shekara yana wajen tan miliyan 800 ne. Noman sama da shekara dubu ke nan.

To, daga ina lambar ta fito? A duba gidajen farko. Ɗaya da biyu uku ne, saura ɗaya ya kai huɗun da ke gida na gaba. A ƙara huɗu, ya zama bakwai, saura ɗaya ya kai takwas. A ƙara takwas, sha biyar, saura ɗaya ya kai sha shida. Kowane gida yana ɗauke da abin da duk gidajen da ke bayansa suka tara, da ƙarin ƙwaya guda. Saboda haka jimillar gidaje 64 ita ce abin da gida na 65 zai ɗauka da akwai shi, a cire ɗaya. Wato a jera biyu har 64 a ninka su da juna, abin da masu lissafi ke rubutawa 2^64, a debe ɗaya. Duk wata sifa da za mu gani a gaba daga wannan ƙira take tsirowa, kuma wanda ya riƙe ta bai bukatar haddace komai.

Akwai abubuwan da ido ke gani nan take. Lambar ta ƙare da 5, don haka mara ce ba cika ba, kuma 5 na raba ta. In aka tara alƙalumanta 20 za a sami 87, wanda 3 ke rabawa amma 9 ba ya rabawa, kuma haka hukuncin yake a kan ita lambar. Wannan kaɗai ya isa a san ba ta cikin lambobin firam, waɗanda babu mai raba su ba saura sai ɗaya da su kansu, irin 2, 3, 5, 7, 11. Haɗaɗɗiya ce. Sai dai waɗannan alamomi aro ne daga tsarin goma-goma da muke rubutu da shi. A tsarin bibbiyu da kwamfuta ke aiki da shi, inda babu alƙalami sai 0 da 1, lambar tamu ɗaya ce jere har sau 64, babu sifili ko guda. A nan fuskarta ta gaskiya take. Yadda 999,999 ke rabuwa da 9 da 99 da 999 saboda ana iya yanka jerin taran gida-gida daidai, haka jerin ɗaya 64 ke yankuwa bibbiyu, hurhuɗu, takwas-takwas, sha shida-sha shida. Ɗaya biyu a jere a wannan tsari 3 ke nan, huɗu a jere 15, takwas a jere 255, sha shida a jere 65,535. Dukkansu suna raba ta, ba tare da an yi doguwar rabawa ko sau ɗaya ba.

Lambobi masu wannan ƙira, ninkin biyu a cire ɗaya, ana jingina su ga Marin Mersenne, wani limamin Kirista Bafaranshe da ya wallafa jerinsu a 1644. A cikinsu ake farautar manyan firam har gobe. Wadda aka gano a Oktoba 2024, wato 2^136,279,841 a cire ɗaya, tana da alƙaluma sama da miliyan 41. Amma sharaɗin farko shi ne yawan ninkin da kansa ya zama firam, don in yana rabuwa, jerin ɗayan zai yanku kamar yadda muka gani. Shi kuwa 64 babu abin da ya iya sai rabuwa: 32, 16, 8, 4, 2. Lambar tamu tana gidan Mersenne, amma a ɓangaren da aka san tun daga ƙofa ba za ta zama firam ba. Maƙwabciyarta ta kusa, 2^61 a cire ɗaya, ita firam ce.

Yanzu ga inda daɗin yake. Akwai wata ƙa'ida da ake koyarwa tun a sakandare: in ka ninka lamba da kanta ka cire ɗaya, daidai yake da ka ninka ta ƙasa da ita da ta sama da ita. Misali 6 sau 6 a cire ɗaya 35 ne, haka ma 5 sau 7. To 2^64 ba komai ba ne illa 4,294,967,296 sau kanta. Saboda haka lambarmu ita ce 4,294,967,295 sau 4,294,967,297. Ta farkon ita ma irin ƙirar ce, don haka za ta sake tsagewa: 65,535 sau 65,537. Ita ma 65,535 ta tsage: 255 sau 257. Sai 255 ta zama 15 sau 17, 15 kuma ta zama 3 sau 5. Cikin layi biyar, da alƙalami da takarda kawai, mun warware lamba mai alƙaluma 20 zuwa 3, 5, 17, 257, 65,537 da 4,294,967,297.

Waɗannan shida ba baƙin juna ba ne. Kowace ninkin biyu ce da ƙarin ɗaya: 2 da ɗaya, 4 da ɗaya, 16 da ɗaya, 256 da ɗaya, haka har ta ƙarshe, kuma kowane ninki shi ne na bayansa sau kansa. Su ake kira lambobin Fermat. Pierre de Fermat, alƙali ne a Toulouse ta Faransa wanda lissafi ya zame masa abin sha'awa a lokacin hutu, ya lura cewa biyar na farko duk firam ne. A wasiƙunsa na 1640 ya bayyana yaƙininsa cewa duk jerin haka yake har abada, ko da yake ya amsa cewa bai da cikakkiyar hujja. Ba mutum ne mai saurin kuskure ba, kuma wannan ya sa zancen ya daɗe ba wanda ya ƙalubalance shi. Sai a 1732, shekara 92 bayan haka, Leonhard Euler, yana ɗan shekara 25 a birnin Saint Petersburg na Rasha, ya nuna cewa ta shidan tana rabuwa: 4,294,967,297 daidai take da 641 sau 6,700,417.

Mutum zai iya zaton Euler ya zauna ne yana gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya har Allah ya ba shi sa'a. Hanyar da ya bayyana daga baya ta fi haka kyau nesa. Ya tabbatar cewa duk firam ɗin da zai raba wannan lamba dole ya kasance ninkin 64 da ƙarin ɗaya. Da wannan sharaɗi sai dubban masu neman shiga suka zube, aka bar 65, 129, 193, 257, 321 da sauransu. A cire waɗanda ba firam ba, sai a ga 193, 257, 449, 577, 641. Gwaji na biyar ya buɗe ƙofar da ta yi kusan ƙarni a rufe.

Kuma mai karatu na iya tabbatar wa kansa, don 641 tana da fuska biyu. Ta ɗaya, 5 sau 128 ne da ƙarin ɗaya. Ta biyu, 625 ne da 16, wato 5 × 5 × 5 × 5 da ƙarin 2 × 2 × 2 × 2. Mu yi lissafin da ba ya kula da komai sai abin da ya saura bayan an raba da 641. Fuskar farko ta ce 5 sau 128, wato 640, ya gaza da ɗaya, don haka matsayinsa ɗaya-ƙasa-da-sifili ne. In aka ninka shi da kansa sau huɗu, ragin ya cinye ragi, saura ya zama ɗaya cif. Amma 640 × 640 × 640 × 640 shi ne 625 sau 2^28. Fuska ta biyu kuma ta ce 625 ya gaza 641 da 16, don haka ana iya sa "ragin 16" a madadinsa. Sai ya zama ragin 16 sau 2^28, wato ragin 2^32, yana barin saura ɗaya. Ma'ana 2^32 da ƙarin ɗaya ba ya barin komai. Shi ke nan hujjar. Na fi son ta a kan rabawa da na'ura, domin na'ura za ta ce maka "e" kawai, wannan kuwa tana nuna maka dalilin da ya sa 641 ce ba 643 ba.

Ga cikakkiyar warwarar ke nan: 3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417. Firam bakwai, kowanne sau ɗaya tak.

Daga nan sauran rabe-raben da ake yi wa lambobi suna zuwa da kansu. Tun da babu firam ɗin da ya maimaitu, babu wani murabba'i, wato lamba sau kanta, irin 4, 9 ko 25 da ke raba ta, kuma ita kanta ba murabba'in kowa ba ce. Yawan lambobin da ke raba ta ma ba ya bukatar ƙirga: kowane firam cikin bakwai ko dai ka ɗauke shi ko ka bar shi, zaɓi biyu sau bakwai, 128 ke nan, har da ɗaya da ita kanta. Ga lamba mai wannan girma wannan kaɗan ne. 83,160, wadda ba ta kai dubu ɗari ba, ita ma masu raba ta 128 ne.

Akwai kuma rabon da ya samo asali tun daga Girkawa, wanda malaman lissafi na Bagadaza irin Sabit bin Ƙurra suka gada suka faɗaɗa: a tara duk masu raba lamba ban da ita kanta, a gwada da ita. In sun yi daidai, kamar 6 da ke 1 da 2 da 3, ko 28, cikakkiya ce. In sun haura, kamar 12 da nata suka kai 16, mai rara ce. In sun gaza, tauyayya ce. Tamu tauyayya ce, kuma ana iya gani ba tare da tara lambobi 127 ba. Mafi girman mai raba ta sulusinta ne, na biye humusi, sai kashi ɗaya cikin 15, sai ɗaya cikin 17. Waɗannan huɗu sun ba da kusan kashi 66 cikin ɗari. Sauran 123 duk taronsu bai ƙara abin da ya kai kashi biyar ba, don firam ɗin da suka rage manya ne, rabon da suke bayarwa ƙanana. Jimilla ta tsaya wajen kashi 70 cikin ɗari. Ba abin mamaki ba ne, lambar mara ba ta cika yin rara ba, ta farko da ta yi ita ce 945.

Rabon da ya fi jan hankalina shi ne na murabba'ai. Joseph-Louis Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa kowace lamba, komai girmanta, ana iya rubuta ta a matsayin jimillar murabba'ai huɗu ko ƙasa da haka. Wasu biyu sun ishe su, kamar 13 da ke 9 da 4. Wasu sai uku. Tamu tana cikin masu taurin kai da sai an ba su huɗun cif. Dalili kuwa: kowane murabba'i in aka raba shi da 8, saura 0 ne ko 1 ko 4, babu na huɗu. A gwada haɗa uku daga cikin waɗannan ta kowace hanya, ba za a taɓa samun saura 7 ba. Ita kuwa lambarmu ɗaya ce ta rage ta kai ninkin 8, saurarta 7 ke nan. Yadda 7 sai an ce 4, 1, 1, 1, kuma 15 sai an ce 9, 4, 1, 1, haka wannan ƙatuwar take, kuma mun san haka ba tare da mun nemo murabba'an ba.

A cikin kwamfuta lambar tana da aiki na yau da kullum. Na'urorin zamani, har da wayoyin hannu, suna ajiye adadi a gurabe 64, kowanne 0 ko 1. In duk guraben suka cika da ɗaya, an kai ƙarshen abin da za su iya ɗauka, kuma wannan ƙarshe shi ne 18,446,744,073,709,551,615. A ƙara ɗaya, sai komai ya koma sifili, kamar mitar kilomita ta tsohuwar mota in ta cika da tara-tara. In kuma an tsara guraben su ɗauki lambobin ƙasa da sifili, wannan jerin ɗaya 64 ɗin shi ake karantawa a matsayin ragin ɗaya. Shi ya sa wani lokaci manhaja ke nuna wannan doguwar lamba a inda ba a zata ba: an cire ɗaya daga sifili ne a gurbin da bai san ragi ba. 'Yar'uwarta 4,294,967,295 ita ce iyakar gurabe 32, kuma ita ce ta sa tsohon tsarin adireshin intanet ya tsaya a biliyan huɗu da 'yan kai, har babbar ma'ajiyarsa ta ƙare a 2011. Ita ma 65,537 tana aiki a ɓoye, don ita aka fi zaɓa a tsarin kulle saƙo na RSA da bankuna da shafukan intanet ke amfani da shi. Lambar ta sake fitowa a wasan hasumiyar Hanoi, na kwashe tarin faifai ɗaya-ɗaya daga sanda zuwa sanda, da Édouard Lucas ya fitar a 1883: faifai 64 na bukatar motsi 2^64 a cire ɗaya, wanda in ana yin ɗaya kowace daƙiƙa zai ci shekara wajen biliyan 585.

Amma inda warwarar nan ta fi nuna nauyinta shi ne a zane. Tun zamanin Euclid, masanin lissafin tsohuwar Girka, ake tambaya: wace siffa mai gefuna daidai-wa-daida ake iya zanawa da rula marar awo da kamfas kawai? Girkawa sun iya mai gefe 3, mai 5, mai 15, da ninkinsu. Nan aka tsaya kusan shekara dubu biyu. A Maris 1796 Carl Friedrich Gauss, bai cika 19 ba, ya nuna cewa mai gefe 17 ma tana zanuwa. Daga baya ya ba da ƙa'idar gaba ɗaya, Pierre Wantzel kuma ya kammala hujjarta a 1837: in yawan gefen mara ne, siffar tana zanuwa ne kawai in adadin ya haɗu daga firam ɗin Fermat mabambanta, babu maimaici. Wato 3, 5, 17, 257, 65,537, waɗannan dai da muka ciro daga cikin lambar alkama. An wallafa yadda ake zana mai gefe 257 a 1832. Wani malami Bajamushe, Johann Gustav Hermes, ya shafe shekara goma yana aikin mai gefe 65,537, ya kammala a 1894, kuma takardunsa suna ajiye a jami'ar Göttingen.

In aka ninka biyar ɗin duka za a sami 4,294,967,295, rabin farko na allon shaɗaranji, jimillar gidaje 32, wadda da awon da muka ɗauka ba ta wuce tan 215 na alkama ba. Ita ce mafi girman lambar mara da aka sani tana ba da siffa mai zanuwa, kuma duka-duka irin waɗannan lambobin mara 31 ne aka sani. Da hasashen Fermat ya tabbata, da lambarmu mai alƙaluma 20 ita ma ta shiga sahu, don da firam ɗin Fermat shida ne cikinta ba gauraye. 641 ce ta hana. Ita da 6,700,417 firam ne, amma ba na gidan Fermat ba, saboda haka siffa mai gefe 18,446,744,073,709,551,615 ba za ta zanu da rula da kamfas ba, ko da an sami takardar da za ta ɗauke ta.

Kuma ɓarakar da Euler ya gano ba ta tsaya a lamba ɗaya ba. In aka fara ƙirga jerin Fermat daga sifili, ta Euler ita ce mai lamba 5. Daga ita har mai lamba 32, duk an tabbatar haɗaɗɗu ne, ko da yake akwai waɗanda aka san suna rabuwa amma har yau ba a ga ko mai raba su guda ba, kamar mai lamba 20 da mai lamba 24. Ba a sake samun firam ko ɗaya ba a jerin bayan 65,537. Masana da yawa yanzu sun karkata ga kishiyar abin da Fermat ya zata, cewa biyar ɗin nan su ke nan, amma wannan ma babu wanda ya kawo hujjarsa. Ta farko da ba a yanke hukunci a kanta ba ita ce mai lamba 33, kuma alƙalumanta sun haura biliyan biyu da rabi.